Tokar Roghman da shagon firam ɗina

Shagona ƙarami ne, a garin Utrecht na ƙasar Holan: injin buga hoto ɗaya, teburin yankan kwali, da yaro ɗaya mai taya ni haɗa firam. Sana'armu buga kwafin tsofaffin zane-zane ne mu sa musu firam, kuma wanda aka fi nema shi ne na Roelant Roghman, wani mai zane na ƙasar nan.

Yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, a 1646 da 1647, ya zaga lardunan Holland da Utrecht ya zana gidajen sarauta masu ganuwa da gwalalo, zane sama da 200, da baƙin alli da tawadar da aka tsinka da ruwa. Bayan shekara 25 sojojin Faransa suka shigo, a 1672, suka ƙone irin waɗannan gidaje da dama. Shi ya sa mai saye kan shigo da sunan ƙauyensu a bakinsa, yana neman ginin da yau sai fili da ruwa. Wata dattijuwa ta daɗe a tsaye kan teburina tana bin layin bishiyoyi da yatsa, ta ce ta gane hanyar.

Samun hoton ba wuya, tunda gidan tarihi na Rijksmuseum ya buɗe taskarsa a intanet kyauta tun 2012. Wahalar tana wurin ruwan tokar, wato launin toka-toka na tawadar da ya tsinka. Roghman da toka yake yin sama, da toka yake yin inuwar bango a cikin gwalalo, kuma kowace da nauyinta. Injin ya ɗan kauce kaɗan, sai ta koma kore-kore ko shuɗi, ginin ya mutu. Nakan buga gwaji huɗu ko biyar a takardar auduga, in kai bakin taga in duba, don hasken fitila yaudara gare shi. Asarar takardar da nake yi a nan ta fi ta ko'ina, amma ba na fasawa.

Tabon tsufa da ke gefen takardar zanen na asali ma ba na goge shi daga hoton, ko da an roƙe ni.

Farkon buɗe shago na taɓa sa wa wani zane firam mai ruwan zinariya, ya haɗiye zanen gaba ɗaya, na kwance na sake da kuɗina. Tun ranar siririn katako nake sawa, da farin kwali marar asid, da gilashi mai tare sashen hasken rana da ke koɗar da launi.