Ruwan ya washe, amma gubar tana nan

Aikin da na sa a gaba a ɗakin gwaje-gwaje shi ne in ga ko bakteriya za su iya cinye rinin azo, irin wanda masana'antun yadi ke malalarwa cikin ruwa. Na ɗebo laka daga wurin tace ruwan ƙazanta, don ƙwayoyin da ke cikinta sun saba da dagwalo. Na zuba ta a kwalaben jan ruwan rini, na ƙara musu ɗan gulukos su samu abin ci. Wasu na toshe bakinsu ruf, wasu na bar iska tana ratsa su. Kwalba ɗaya kuwa na dafa lakarta har komai ya mutu. Ita ce shaidata: in jan cikinta ya ragu, to laka ce ta tsotse rinin, ba aikin ƙwayoyi ba ne.

Waɗanda na toshe su suka fara washewa. Launin azo ya dogara ne da wani mahaɗi tsakanin nitrojin biyu, kuma inda babu oksijin bakteriya kan tsinka shi cikin sauƙi.

Daga nan na koma gwajin guba, wanda shi ne ya fi damuna. Akwai wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa, Daphnia magna, da ake sakawa cikin ruwan da ake zargi, a ƙirga waɗanda suka daina motsi bayan awa 48. A ruwan da ya yi garau sun fi sanƙarewa fiye da cikin jan ruwan. Abin ya tsaya mini a rai, domin da ido kawai za a duba, kowa zai ce a sake shi cikin kogi. Tsinkewar mahaɗin nan tana barin sinadaran da ake kira amin, kuma wasunsu, irin su benzidin, an tabbatar suna jawo kansar mafitsara. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da rinin da ke sakin su a tufafi tun 2002.

Sai da na buɗe kwalaben na hura musu iska, ƙwayoyi masu son oksijin suka karɓi aikin, sannan 'yan halittun suka fara rayuwa. Mataki biyu ke nan, a jere, kuma ba a tsallake na biyun.

Ba rini kaɗai ke da wannan hali ba. Sinadarin PCE na wankin tufafi ba da ruwa ba, idan ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyi kan rage shi har ya zama binil kulorayid, wanda ya fi shi haɗari, kuma yakan tsaya nan in babu wata bakteriya mai suna Dehalococcoides da za ta ƙarasa shi. Dalma da zaiba kuwa ba a rushe su kwata-kwata, sai dai a sauya musu kama ko a tsamo su.

Ko a kwalabena, amin masu ɗauke da salfa sun ƙi rushewa duk da iskar. Su nake neman ƙwayar da za ta iya da su yanzu.