Littafin da manaja bai so ya sa wa hannu ba

Shekara shida na yi ina kula da ma'aikata a wata tashar ɗura gas a nan Kumasi. Kullum bayan sallar asuba nake barin unguwarmu Aboabo, kuma abu na farko da nake yi in na isa shi ne in zagaya tankin ina shinshinawa kamar kare. A wannan sana'a hanci ya fi ido aiki.

Daren Asabar 7 ga Oktoba 2017 tashar gas ta Atomic Junction a unguwar Madina ta Accra ta fashe lokacin da tanka ke sauke kaya, mutum 7 suka rasu, sama da 100 suka ji rauni. Ran Litinin da na je aiki ban iya kallon tiyon da muke sauke gas da shi ba sai gabana ya faɗi, domin ya tsattsage kusa da bawul, wato abin buɗewa da rufe gas, kuma sau uku ina gaya wa manaja. Amsarsa ɗaya ce: "Malam, ka bari kasuwa ta buɗe tukuna." Ni kuma sai in ce to, ranka ya daɗe, in sa yara su naɗe wurin da roba.

Maigadinmu dattijo ne da ya ci ƙuruciyarsa a ramin zinariya na Obuasi. Da na kai masa kuka sai ya tambaye ni, "Ɗana, da ka gaya masa, wa ya ji?" Na ce babu. Ya ce, "To ba ka gaya masa ba ke nan. Ranar da wuta ta tashi, kai ne mai naɗa roba, shi kuwa yana ofis bai san komai ba."

Sai daga baya, da na zauna da wani lauya ɗan unguwarmu, na gane tsohon nan doka yake karanta mini ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa, akwai kuma tsohuwar dokar masana'antu ta 1970. Amma kafin a ɗaure mutum kan kisa ba da gangan ba a ƙarƙashin dokar laifuka ta 1960, sai an nuna cewa sakacinsa ya kai ga ko-in-kula da ran ɗan Adam. Sakacin wane? Nan gizo ke saƙa. Mai wuri zai ce ya bar wa manaja, manaja ya ce ba a sanar da shi ba, a yi ta gangarowa har a tsaya kan wanda hannunsa ya taɓa bawul, wanda sau da yawa ma yana cikin mamatan.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1987 wani jirgin ruwan Ingila ya kife a Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam saboda ya tashi da ƙofa a buɗe, mutum 193 suka mutu, shari'ar manyan kamfanin kuma ta watse. Sai a 2007 Birtaniya ta yi dokar kama kamfani da laifin kisa, ita ma tara ce hukuncinta. Italiya ce ta yi abin da ya burge ni: ma'aikata 7 suka ƙone a masana'antar ƙarfe ta ThyssenKrupp a Turin a 2007, kotu ta yanke wa shugaban kamfanin na ƙasar ɗaurin sama da shekara 9, domin an nuna manya sun san haɗarin suka ƙi kashe kuɗin gyara. Mu kuwa, bayan motar nakiya ta tarwatsa ƙauyen Appiatse a Janairun 2022, hukuncin da ya cika kunnuwanmu shi ne dala miliyan 6 da gwamnati ta ce Maxam, kamfanin nakiyar, ta biya. Kuɗi ne masu yawa, amma daga asusun kamfani suke fita, ba wanda zai rasa barcin gidansa saboda su.

Mu ma 'yan Zango muna da namu laifin. Yaro ya mutu a wurin aiki, ran sadakar uku a ga wakilin kamfani da buhun shinkafa da ambulan, a ce ƙaddara ce, a shafa fatiha. Na yarda da ƙaddara, amma wanda ya ga tiyo ya fashe ya ce a jira kasuwa, ai zaɓi ya yi.

Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi a Kejetia. Na rubuta kwanan wata, da inda tiyon ke yoyo, da sau nawa na faɗa, na bar gurbin sa hannu a ƙasa. Da na ajiye a teburinsa ya daɗe yana kallo.

"Malam, tarko kake ɗana mini?"

"A'a ranka ya daɗe, don kada mu manta ne."

Bai sa hannu ba. Ya ture littafin gefe ya ce in tafi. Amma ran Alhamis sai ga sabon tiyo daga Tema, har da bawul biyu da ban ma roƙa ba. Ƙarin albashin ƙarshen shekarar nan ya tsallake ni, kuma har na bar wurin bai sake amsa gaisuwata da fara'a ba. Littafin na miƙa wa yaron da ya gaje ni, na nuna masa inda zai riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin ya kai ofis.