Talata: Carafke Ta Yi, Langa Ta Ƙi

Bayan la'asar nake rubuta wannan. Hutun tara na yau a makaranta minti talatin ne, kuma hankalina na kan yara biyu 'yan aji uku, mace da namiji, waɗanda da an kaɗa ƙararrawa sai su je su raɓe a jikin bango.

Kwana biyar aka yi ana lura da su kafin a taɓa komai: ina suke tsayawa, wa suke kallo, me suke yi da hannunsu. Ba kowane mai shiru ne ke cikin damuwa ba. Akwai yaron da ke jin daɗin zanensa a ƙasa shi kaɗai, wannan a ƙyale shi. Wanda ake nema shi ne mai tsayawa taku uku ko huɗu daga masu wasa, ido na kansu, ƙafa ta ƙi gaba. Yana so, hanyar shiga ce bai sani ba.

Dabarar da aka gwada wa yarinyar yau ta yi kyau. Tun kafin a fita aka haɗa ta da wata 'yar aji biyu mai sanyin hali, aka damƙa duwatsun carafke a hannunta ita, ba a hannun ƙaramar ba, don mai kayan wasa ita ake nema. Da gangan aka zaɓo mata ƙarama da ita. A 1979 Wyndol Furman da abokan aikinsa a Amurka sun gwada haɗa ƙananan yara masu janye jiki da abokin wasa guda ɗaya, kuma waɗanda aka haɗa da ƙanana da su sun fi sakin jiki. Dalilin a fili yake: a gaban ƙanwa ita ce Yaya, ita ke nuna yadda ake yi. Carafke kuma a zaune ake yinta, ba ta son surutu, kowa ya san lokacin da wasa ya zo kansa. Malami ya zauna minti biyu, sannan ya ja baya kamar taku goma. In ya daɗe, da shi yaran za su yi ta magana, ba da juna ba. Wajen minti na goma wata ta zo ta ce, "Ku sa ni mana." Aka sa ta. A makon farko kada su wuce uku, in sun kai biyar mai shirun za ta koma 'yar kallo.

Ta yaron kuwa ta ɓaci. Da kyakkyawar niyya aka tura shi cikin 'yan langa, aka bar manya biyu suka zaɓi mutanensu, shi ne na ƙarshe da aka ɗauka. Bai yi minti ɗaya a kan ƙafa ɗaya ba aka kayar da shi, aka yi dariya, ya koma bangonsa. Kuskure biyu ne a nan. Langa wasan ture-ture ne da hayaniya, ba da ita ake farawa ba. Zaɓen 'yan wasa kuma tozarci ne ga wanda ba shi da aboki. A jera su a ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, an gama.

Gobe dara za a gwada masa da yaro ɗaya tak. Shi zai haƙa ramukan, talatin, layi biyar na shida-shida, ya raba tsakuwa sha biyu-sha biyu. An kuma koya masa abin da zai faɗa in ya tarar ana wasa. "Zan yi?" tambaya ce da ke jawo "a'a". Ya tsaya kusa, ya kalli zagaye ɗaya, ya ce, "In ka gama sai ni." Sau uku ya maimaita a aji babu kowa.

Yabo a ɓoye ake yinsa. In malami ya ce a gaban jama'a, "Yau ga kurmanmu ya yi magana," ya rushe aikin mako guda, sunan kuma ya bi yaron.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Duk sanda aka kira yaron daga hagu ba ya waiwayowa sai an taɓa shi. Sau da yawa abin da ake kira kunya ciwon kunne ne, ko in'ina, ko yagaggen wando, ko rashin kuɗin tara alhali kowa na cin awara. An rubuta wa mahaifinsa takarda a kai shi asibiti a duba kunnen, kuma za a dawo da kujerarsa layin gaba tun gobe da safe.