Kafin ka ɗora tarakta a kan tudu, auna gangaren

Shekaranjiya ɗan ƙanina ya miƙo mini wayarsa yana ta murna, wai in ga taraktar da zai saya wa 'yar gonarsa. Gonar nan kuwa rabinta gangare ce. Na tambaye shi faɗin da ke tsakanin tayoyin baya, bai sani ba. Nauyinta fa? Shiru. Abu ɗaya ya haddace: ƙarfin injinta, wai doki 35. Gabana ya faɗi, domin da wannan lissafin na sayi tawa ta fari.

Siririya ce, mai tsayi, tayoyin baya kaɗai ke ja, babu ƙarfen kariya a saman kujera, wanda ke tsare direba in ta kife. Ba zan ce wauta ce zalla ba. Ina bukatar wadda za ta ratsa tsakanin layukan itatuwa, mai ja da taya huɗu ta fi ƙarfin aljihuna, kuma a shimfiɗaɗɗen fili aka gwada mini ita, inda ba ta da aibu ko kaɗan. Amma gonar tawa ce, kullum ina hawa da sauka a cikinta da ƙafa, ban taɓa auna ta ba. Wannan laifin babu wanda zan jingina wa.

Yawancin ƙananan taraktoci birkinsu a tayoyin baya kawai yake. Idan ka fuskanci gangara nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau, wato tayoyin da ke da birkin su ne suka rasa riƙo. Ƙara raɓa a kan ciyawa, da tirela cike tana turo ka. A irin wannan halin na taka kuloci a tsakiyar gangara don in koma ƙaramar giya. Da taka kuloci ka raba inji da taya, injin da ke riƙe da kai ya sake ka. Na kai ƙafa birki, ashe sakatar da ke haɗa birkin hagu da na dama a zare take tun lokacin huɗa. Taya ɗaya ta kama, taraktar ta karkata ta ba gangaren gefenta, na ga tayar sama ta rabu da ƙasa kamar taƙi guda, laka na zuba daga haƙoranta. Allah ne Ya sa ta koma ta zauna. Har yau nakan ce da ƙasar a bushe take da ba a kai ga haka ba, kuma na yarda da hakan. Sai dai wa ya taɓa yin noma a ranakun bushewa kaɗai?

Akwai wani kuma da na daɗe ina yi: ɗaure sarƙar cire kututture a saman baya, kusa da kujera, don ta ɗan ɗaga shi. Yana aiki, shi ya sa na ci gaba. Amma duk abin da aka ɗaure sama da tsakiyar tayoyin baya, in ya ƙi tahowa, gaban taraktar ne zai tashi, kuma bai cika sakan guda ba take wuce inda za ta iya dawowa. Ƙarfen jan kaya da ke can ƙasa don wannan aka yi shi.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawara goma. Ba zai saurara ba. Yaran yanzu sun kalli bidiyo biyu sun gama sanin inji. Ga abin da ya rage.

Auna gangaren tukuna. Samo katako mai tsawon mita 1 da lebur irin na magina. Kafa baki ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, daidaita shi, ka auna tazarar ɗaya bakin zuwa ƙasa. Santimita 18 kusan digiri 10 ke nan, 27 digiri 15, 36 digiri 20. In ya kai 15, kada ka ratsa shi ta gefe, hawa da sauka kawai. Kada kuma lambar ta ruɗe ka: a taraktar da faɗinta mita 1.2 ne, tayar ƙasa ta faɗa ramin santimita 15, an ƙara maka digiri 7 nan take, ciyawa kuwa ɓoye rami take yi.

Sayi mai ja da taya huɗu, ko ka haƙura. Ba don hawa ba, don sauka: in ka sa ta a huɗun, birkin baya na riƙe tayoyin gaba su ma. Zaɓi gajera mai faɗi. A wasu, juya wilin baya ciki ya koma waje yana ƙara faɗi. Duba littafinta ka ga iyakar da aka yarda. Ɗura ruwa a tayoyin baya zuwa kashi 75 cikin 100, wato daidai bawul idan yana sama, ragowar iska. Tayar noma mai dogayen haƙora, R1, ita ke kama jiƙaƙƙiyar ƙasa. R3 ta filin ciyawa santsi take yi. Ƙarfen kariya ya tsaya a miƙe, ka ɗaura bel. Na ga samari suna naɗe shi don ya fi kyau a hoto, abin yana ƙona mini rai. In kuwa babu ƙarfen, kada ka ɗaura bel, kuma kada ka saya.

Dokin da ya dace ka tambaya shi ne na sandar PTO, wato wadda ke juya injinan da ake haɗa wa tarakta, da ke juyawa a baya sau 540 a minti, kuma kullum bai kai na inji ba. Injin yankan ciyawa yana son kimanin doki 5 ga kowace santimita 30 ta faɗinsa, mai mita 1.5 ke nan yana son 25. Nauyi ya fi doki muhimmanci a tudu, saboda haka sayi mai nauyi. To, amma mai nauyi tana danne ƙasa, kuma in ta fara sulɓewa ba ta jin birki. Kada ka wuce abin da aikinka ke bukata.

Mai tafiya da matsin man haidirolik maimakon giya, wadda ba a taka mata kuloci, ta fi wa sabon hannu aminci ko da tana cin ɗan ƙarfi. Ni dai har gobe mai giya nake so, na kuma san da ita na kusa halaka. Kai sayi mai man. In ka sa bokitin lodi a gaba, tafi da shi dab da ƙasa, ka rataya nauyi a baya. Ana cewa hau tudu da baya ka sauko da gaba, gaskiya ne, amma in bokitin a cike yake, gaban ne zai kalli tudu. Kada tanki ya yi ƙasa, don a karkace inji na iya zuƙar iska ya mutu, sitiyari ya ƙage maka.

In katakonka ya nuna fiye da santimita 36 a yawancin gonar, bar maganar hawa kan kujera. Nemi ƙaramar nan mai taya biyu da ake bi a ƙasa, ko ka dasa itatuwa a wurin.