Ciwon Dunduniya da Tiyatar Rage Ƙiba

Duk wanda ya taɓa fama da ciwon jijiyar tafin ƙafa ya san cewa babu lokacin da ya fi masa wuya irin takun farko na safiya. Da zarar ya sauko daga gado ya ɗora ƙafa a ƙasa, sai ya ji suka a ƙarƙashin dunduniya, galibi ta ɓangaren ciki, har ya kai ga dafa bango yana ɗingishi. Bayan ɗan zagaye ciwon yakan lafa, amma yana dawowa idan aka tashi daga dogon zama, ko kuma da yamma bayan an wuni a tsaye. Na sha jin masu ƙiba da wannan ciwo ya addabe su suna tambaya ko tiyatar rage ƙiba za ta raba su da shi. Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, domin mai yin ta yawanci ya riga ya gaji.

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta miƙe har gindin yatsu. Ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka, kuma duk lokacin da mutum ya ɗaga dunduniya zai yi taku, yatsu suna lanƙwashewa sama, ita kuma ta ƙara ɗaurewa. Idan nauyin da take ɗauka ya wuce ƙarfinta na tsawon lokaci, wurin da ta manne da ƙashi yakan yi rauni ya yi kauri. Da daddare ƙafa tana saki, jijiyar ta tsuke, da safe kuma a miƙar da ita farat ɗaya da nauyin jiki gaba ɗaya. Tsinin ƙashi da hoto kan nuna a dunduniya yana tsorata mutane ƙwarai, alhali mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba. An kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da wannan lalura a rayuwarsa, musamman tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Alaƙar ciwon da ƙiba ba zato ba ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa waɗanda ma'aunin BMI nasu, wato awon da ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, ya haura 30 sun fi waɗanda ba su wuce 25 ba fuskantar ciwon da fiye da ninki biyar. Mai tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 87 ya riga ya kai BMI 30. Amma binciken ya gano wani abin da ba a cika ambata ba, wato ƙagewar idon sawu, wadda ke hana ƙafa lanƙwashewa sama yadda ya kamata, ta fi ƙiba ƙara haɗarin, sannan yawan tsayuwa a wurin aiki ma yana da nasa kason. Abin da ya fi damuna shi ne tarkon da mai ƙiba ke faɗawa: an ce masa ya riƙa tattaki don ya rage nauyi, dunduniya ta hana shi, zama ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, ciwon ya daɗa tsananta. Mai wannan hali ba rago ba ne, kuma ba daidai ba ne a sallame shi da “je ka rage ƙiba” ba tare da an duba ƙafar ba.

Maganin da ya fi aiki ba ya buƙatar wuƙa. Kafin a taka ƙasa da safe, a zauna a bakin gado a ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗaya ƙafar, a kama yatsu da hannu a ja su baya zuwa ƙauri har a ji jijiyar ta ɗaure, wanda za a iya tabbatarwa idan aka shafa ta da babban yatsan ɗaya hannun. A riƙe na daƙiƙa 10, a maimaita sau 10, a yi haka sau uku a rana. Sai miƙar da sharaɓa da agara a jikin bango. Akwai kuma atisayen ƙarfafawa da aka gwada a Denmark: a naɗe tawul a sa ƙarƙashin yatsu a bakin matakala, a ɗaga dunduniya a hankali, a ɗan tsaya a sama, a sauke a hankali, ana yi ana tsallake rana ɗaya. Ga mai nauyi sosai, ya fi dacewa ya fara da ƙafa biyu tare, kuma likitan gashi ya duba yadda yake yi. A guji yawo babu takalmi a kan daɓe mai tauri, a nemi takalmi mai taushin dunduniya da ke tallafe tafin ƙafa. Murza ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, haka ma takalmin dare da ke hana ƙafa saki. Allurar sitiroyid tana kashe zafin na 'yan makonni, amma yawan yin ta na iya sa jijiyar ta tsinke ko kitsen da ke kare dunduniya ya zaizaye. Da irin waɗannan matakai, kusan mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi a cikin shekara guda.

Ita kuwa tiyatar rage ƙiba babban aiki ne da ba a tsara shi don ƙafa ba. Iri biyu aka fi yi: wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri, da wadda ake ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce BMI 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar ciwon suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ta zuwa 35 ga kowa, da 30 ga masu ciwon suga da makamantansa. Yawanci mutum yakan zubar da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma babu shakka ƙafar da aka sauke mata kilo 30 za ta ji bambanci a kowane taku.

An buga wani nazari a Amurka a 2018 da ya bi bayanan masu wannan ciwo da aka yi wa tiyatar, ya samu cewa kusan kashi 90 cikin 100 sun rabu da shi. Labari ne mai daɗi, sai dai wannan adadi ya yi kusa da na waɗanda ke warkewa da atisaye da haƙuri, don haka ba za a iya jingina nasarar duka ga tiyata ba. A ganina, wanda ƙiba ta haɗa masa ciwon suga, hawan jini da sarƙewar numfashi a barci yana da dalilai masu ƙarfi na zama da likita a kan tiyata, kuma sauƙin dunduniya zai iya zuwa masa a matsayin ƙari. Amma wanda dunduniya ce kaɗai matsalarsa bai kamata ya amince a taɓa masa tumbi saboda ita ba.

Akwai abu ɗaya da nake so duk wanda aka yi wa tiyatar ya riƙe da kyau. Magungunan da aka saba sha don ciwon dunduniya, irin su ibuprofen da diclofenac, suna da haɗari bayan aikin, musamman ga wanda aka haɗa masa aljihun tumbi da hanji, domin suna iya haifar da gyambo a wurin ɗinkin, har ya zubar da jini ko ya huje. Mutum zai iya sayen su bisa sabo, bai san cewa cikinsa ya canza ba. Farasitamol ne aka fi ba da shawara, kuma duk wani magani sai an tambayi likitan da ya yi aikin. Wannan ma dalili ne na fara kula da ƙafar tun kafin ranar tiyata, don kada a wayi gari da ciwo alhali an rufe ƙofar maganin da aka dogara da shi.

Bayan aikin ana buƙatar mutum ya riƙa tafiya, kuma da jiki ya yi sauƙi sai zumuɗi ya sa wasu su tashi daga zaman shekaru zuwa doguwar tafiya a mako guda, abin da ke iya tayar da ciwon da ya kwanta. Gara a ƙara tazarar sannu a hankali, a haɗa da ninƙaya ko tuƙa keke, waɗanda ba sa dukan dunduniya. Ƙafa ma tana ramewa, don haka tsohon takalmi yakan yi yawa, ya kamata a sake gwaji. Idan kuma aka fara jin raɗaɗi, ko kamar ana tsira allura, ko mutuwar yatsu a ƙafa biyu, musamman da daddare, wannan ba ciwon jijiyar tafin ƙafa ba ne. Yana iya zama alamar ƙarancin bitamin B12 ko B1, wanda kan biyo bayan tiyatar idan aka yi sakaci da ƙwayoyin da aka rubuta ko aka yi fama da yawan amai, kuma yana buƙatar ganin likita da gwajin jini ba tare da jinkiri ba.