Godiya ga waɗanda suka tallafe mu ni da Baba a hanya

Alhamdu lillahi, ni da Baba mun sauka lafiya, yau kwana 9 ke nan. Na jinkirta wannan rubutu ne har sai da akwatinsa ya iso, jiya aka kawo shi. Dawowar da aka tsara za ta ci awa 14 ta ci mana kusan kwana biyu, ga dattijo da aka yi wa aiki a gwiwa ko wata guda bai cika ba.

Tikiti biyu na saya daban-daban, ɗaya na gajeren zango a cikin Turai a wurin kamfani mai rahusa, ɗaya na doguwar tafiya a wurin wani kamfanin. Na bar awa 4 a tsakani, ina ganin ta wadatar. Jirgin farko ya samu matsalar inji, aka yi ta ɗaga lokacin tashi rabin awa bayan rabin awa, har ya kai awa 5. Babu wanda ya fito ya yi mana bayani. Allo kawai ke sauyawa, mu kuma muna kallo. Da muka sauka a babban filin, jirginmu na biyu ya daɗe da tashi. Muka tsaya a wurin karɓar kaya har bel ɗin ya daina juyawa, akwatin Baba bai fito ba, kuma magungunansa na ciki.

A kantar kamfanin farko aka ce mini nasu aikin ya ƙare tunda sun kawo mu inda tikitinsu ya nuna. A doka gaskiyarsu ce. Idan zangon biyu suna kan tikiti ɗaya, dole kamfani ya nema maka wani jirgi in ka rasa na gaba, amma in ka raba su, asarar taka ce. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda aka faɗa, ko ɗaga kai ba a yi an dubi mutumin da ke zaune a keken marasa lafiya ba.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar kamfani na biyu, wadda ban ma san sunanta ba. Mu ne ba mu zo ba, ba ta da wani nauyi a kanmu, tana iya cewa mu sayi sabon tikiti. Sai ta karɓi takardar asibiti ta karanta, ta kira shugabanta, ta yi minti 40 tana buga kwamfuta ana layi a bayanmu, har ta samo mana kujeru biyu a jirgin washegari da dare. Ta zaɓa wa Baba ta bakin hanya don ya riƙa miƙe ƙafa. Da na ce mata keken da na nema tun farko na jirgin da ya wuce ne, ta ce ka'ida a nemi keke awa 48 kafin tashi, amma za ta rubuta a matsayin gaggawa. Washegari kuwa mai tura keke na jiranmu. A nan na ga bambancin kamfanonin biyu, ba a faɗin kujera ko talabijin ɗin da ke bayanta ba.

Na gode wa matashin da ke tura keken a daren farko. Lokacin tashinsa ya yi, amma sai da ya kai mu ofishin cigiyar kaya, ya ce kada in kuskura in bar filin ban cike takardar rahoto ba, kuma in adana 'yar takardar shaidar kaya da aka manna a bayan takardar shiga jirgi. Da lambar da ke jikinta aka gano akwatin, ashe tun farko ba a loda shi ba. Bayan nan ya nemo mana benci marar hannu a wani lungu mai shiru inda Baba zai iya kwanciya.

Akwai wata baiwar Allah, fasinja kamarmu, da ta ba Baba bargon ɗanta ta zauna tana yi masa hira har barci ya ɗauke shi. Ita ce ta faɗa mini dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004: in jirgi ya tashi daga ƙasashensu ya isa da jinkirin awa 3 ko fiye, kuma laifin na kamfani ne, fasinja na da diyya daga Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya. Ta ƙara da yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta ce kayan da suka yi kwana 21 ba su iso ba ana ɗaukarsu sun ɓata, kamfani ya biya. Na riga na aika takardar neman diyyar.

Yaya, ke kam ban san bakin da zan gode miki da shi ba. Ke kika nace a waya kafin mu taso cewa in ware maganin kwana 3 in sa a jakar hannu, har da takardar likita. Wannan maganin ne Baba ya sha a daren nan da kuma cikin jirgi. Ga Kawu da bai runtsa ba yana bin sawun jirgin a intanet yana sanar da gida, da ƙannena da suka je tarba sau biyu, da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Baba ya ce in faɗa muku kumburin ƙafar ya sauka, ya fara takawa da sanda a tsakar gida. Likita ya ce a koma bayan wata 6, kuma na riga na fara duba tikiti ɗaya da zai haɗa zangon biyu a wurin kamfanin da ya karɓe mu. A ci gaba da sa shi a addu'a.