Fom ɗin Hajiya da ya hana ni barci

Jiya a Barnawa na kai dare ina faman gyara fom ɗin oda na shafin intanet da na haɗa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa. Da na sa JavaScript, yaren kwamfuta da ke aiki a cikin shafin, yana duba ko lambar waya ta cika 11 sai na ɗauka an gama, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba, ƙanina ya tura oda ta Postman, manhajar da ke aika saƙo kai tsaye ba tare da bi ta fom ba, turmi 0, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar odar, ta karɓa salin alin! Burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, ai tana hannun mai waya ne, zai iya tsallake duk binciken da aka sa a can. Yanzu shafin tsarin rubutu kawai yake dubawa, zancen ko kaya na sito da lissafin kuɗi kuwa na mayar da su can ciki, sabar ta sake tantancewa ta dawo da kuskuren ƙarƙashin akwatin fom ɗin da aka yi shi.